Ladubban Hidimar Kifin Zinare a Tafkin Lambu na Ƙasa Mai Zafi

Kifin zinare na ado, wato ɗan kifin nan mai tulun ciki da jela biyu masu baje kamar bakin riga, jikan wani kifi ne mai launin toka da ke rayuwa a koguna da tafkunan ƙasar Sin, wanda masu kiwo suka shafe fiye da shekara 1000 suna zaɓen masu kyau daga zuriyarsa, har aka samu iri-iri da suka fi kakansu kyau nesa ba kusa ba, amma ba su kai shi kuzari ba. Akwai Oranda mai tsiron nama a kansa kamar rawani, da Ryukin mai ƙusumbi, da Ranchu wanda ba shi da fiffiken baya kuma mutanen Japan ke ɗaukarsa sarkin wannan dangi. Tun da an sarautar da shi haka, wanda ya saye shi ya sani cewa basarake ya shigo gidansa, shi kuwa ya zama bafade, kuma hidimar tana da ƙa'idoji.

Ƙa'ida ta farko ita ce gina fadar da ta dace. Asalin wannan kifi na ruwa mai sanyi-sanyi ne, ya fi walwala a tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyos, duk da cewa masu kiwo a Tailan da Indunusiya sun nuna yana iya rayuwa da hayayyafa a ƙasa mai zafi idan an kula da shi. Saboda haka a haƙa tafkin ya kai zurfin santimita 60 zuwa 90, domin ruwa mara zurfi yakan ɗau zafi da hantsi ya huce da dare, wannan hawa da sauka kuwa ya fi zafin kansa wahalar da kifi. A yi masa rumfa da za ta tare ranar azahar, a kuma dasa bado ya rufe kusan rabin fuskar ruwan, tare da sanin cewa mai martaba yana ganin duk wani tsiro mai laushi a matsayin kayan marmari da aka shuka dominsa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce fifita, domin basarake ba ya zama ba mai yi masa fifita. Ruwa na riƙe iskar oksijin, wato iskar da mai rai ke shaƙa don ya rayu, gwargwadon sanyinsa: lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 sai ta ragu zuwa kusan 7.5, alhali zafin na sa jikin kifin ya ƙara buƙatarta. Lokacin da ya fi haɗari shi ne gab da asuba, domin tsirrai da gansakuka, waɗanda ke fitar da oksijin da rana, sukan koma shaƙarta da dare. Idan aka ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, kada bafade ya ɗauka gaisuwar safe suke amsawa, numfashi suke nema. Famfon iska ko ɗan magangarin ruwa ya yi aiki dare da rana, kuma a inda wutar lantarki ke ɗaukewa a tanadi batir ko na'ura mai aiki da hasken rana.

Ƙa'ida ta uku, wadda ta fi kowacce wuyar bi, ita ce iya ce wa mai martaba abincin ya isa. Kifin zinare ba shi da tumbi na haƙiƙa, abinci na wucewa ne kai tsaye zuwa hanji, shi ya sa kullum yake tarbar mai gida kamar wanda ya kwana uku bai ci ba, kuma yakan gane mai ciyar da shi ya riƙe lokacin cin abinci tsawon watanni, saɓanin zancen da ake yi cewa mantuwa gare shi. A ba shi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau biyu a rana, kuma a zaɓi ƙwayoyin abinci masu nutsewa, domin guntun jikinsa ya matse jakar iskar da ke daidaita masa iyo, idan cikinsa ya kumbura sai a gan shi yana yawo ciki sama, abin da bai dace da darajarsa ba. Azumin kwana biyu da dafaffen koren wake da aka ɓare sukan taimaka.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a tafki dalilin tsaminsa yawanci amoniya ce, wato gubar da ke fita daga jikin kifi da ragowar abinci, wadda zafi ke ƙara mata ƙarfi. Wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin matatar ruwa su ke mayar da ita sinadari mara haɗari sosai, don haka a wanke matata da ruwan tafkin kawai, a riƙa sauya kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk mako, sannan a cire wa ruwan famfo kilorin kafin a zuba. Sabon kifi ya zauna a masauki na daban mako biyu zuwa huɗu kafin a gabatar da shi a fada, don kada ya shigo da cuta.

Tsaro ma na wuyan bafade, domin kifin da ke iyo da ƙasaita ba ya tsere wa zalɓe ko kyanwa ko guza, saboda haka a shimfiɗa raga a kuma ajiye tukwane a ƙasan ruwa don ɓuya. Kada a haɗa shi da kifin koi ko siririn kifin zinare, waɗanda za su cinye abinci kafin ya iso. Yana biyan hidimarsa ta hanyar cinye tsutsotsin sauro, amma feshin maganin sauro guba ne mai kashe kifi nan take, don haka a rufe tafki ruf kafin a yi feshi.

Da kyakkyawar kulawa yakan kai shekara 10 zuwa 15, saboda haka wanda ya ji ba zai iya ci gaba da hidima ba ya nemo masa wani bafaden, kada ya sake shi a rafi, domin waɗanda aka saki a kogin Vasse na yammacin Ostareliya sun girma har wasu sun kusa kilo 2, suna tona laka suna cinye ƙwan kifayen wurin.