Gorar Bazazzage Ta Yi Tsawa a Kubwa

Kai Bazazzage, ya muka ji da fargaba? Labari ya same ni har Wuse: wai ranar Asabar gorar kununka ta yi tsawa, murfin ya daki silin, maƙwabta suka fito ba takalmi a zaton taransifoma ce ta tashi. Kai kuwa kana share gemu kana cewa ai kunun zaƙi ne, bai gama nuna ba. Kwana huɗu a kicin, firiji babu wuta, cikin zafin Maris na Abuja!

Zauna Bakano ya ɗora maka karatu, duk da kun ce boko a Samaru aka binne cibiyarsa. Kunu ba ya kumbura gora don nishaɗi. Ƙwayoyin yis ne suka samu zaƙin gero da dankalin da ka zuba, suna ci, suna fitar da iska da kuma abin nan da ba na son kiran sunansa a gidan ɗan malamai. Iskar ce ta harba murfin. Ɗayan kuwa yana nan cikin gorar yana jiranka.

Matan Gbagyi masu dafa burkutu a ƙauyukan bayan gari sun fi ka sanin wannan fanni, ba tare da digiri ba. Su jiƙa dawa ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami, su sake dafawa, sannan su zuba ɗan ragowar ta jiya ta tayar da sabuwa. Daga nan sai aikin kunne. Matar za ta kara kunnenta a bakin tulu: in ta ji yana shiii, yana tafasa ba wuta a gindinsa, kumfa na tasowa, to bai gama ba. Kumfa ta kwanta, ƙarar ta ɗauke, tsaki ya zauna a ƙasa, zaƙi ya gudu daga harshe, ya kai ke nan. A ƙara masa kwana kuma ya koma tsami zalla. Turawa masu haɗa tasu giyar a gida sai sun tsoma wani ma'auni, su ga lambarsa ba ta motsa ba kwana biyu ko uku, kafin su yarda da abin da ita ta ji da kunne. Kada ka tambaye ni inda na sani. Doya na je saye.

To kai naka a wane mataki yake? Wanda ya harba murfi ai yana tsakiyar aiki. Kuma ka fi ni sanin cewa ko jiƙon da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba a barin sa ya wuce kwana uku. Naka ya yi huɗu, kana ta fatawar "bai nuna ba".

Tun da Abu Ja ya kafa muku gari a 1828, wanda yau ake kira Suleja, kuke bugun ƙirji wai Abuja taku ce, mu baƙi ne. Mun ji. Amma ɗan gari bai san abin da rana ke yi wa kunu a garinsu ba?

Ina nan tafe ranar Juma'a bayan masallaci. Ka ce wa amarya ta dama sabo da safe. Kuma kafin in kurɓa, sai na kara kunnena a gorar tukuna.