Masanan Da Ke Fitowa Ranar Da Giyar Sienna Ta Saki

A 1997 Toyota ta fara ƙera Sienna a Amurka, mota mai kujera bakwai, don magidanci da iyalinsa. Sai da ta gama cin ƙuruciyarta a can, sannan aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta iso Talata Mafara ta tarar da aikin da ba a gaya mata ba: mutum goma sha huɗu, buhu uku na shinkafar Bakolori, ga rago a but. To wata Talata ka taso daga Bakura kana sauri ka riski kasuwa, ka wuce Lambar Bakura kaɗan, ka taka totur. Inji ya yi ruri kamar zaki, mota ko gezau. Giya ta saki. A nan za ka san Allah ya albarkaci ƙasar nan da masana.

Sarkin Turi. Shi ke fara isowa, ya riga ya naɗe hannun riga. "A tura ta, Alhaji!" Ka ce masa ai inji bai mutu ba, ga shi yana ji. Ka ƙara da cewa otomatik ba ta tashi da turi, don ba ta da kulocin da za a saki. Ya gyaɗa kai, ya kira yara shida. Bayan an yi gumi an matsar da ita daga inuwa zuwa rana, sai ya nemi na shan ruwa.

Mai Igiya. Yana da tsohuwar Golf da igiyar ɗaure shanu, ya kuma rantse zai kai ka Gusau kafin la'asar. Da yake ba mai son magariba ta riske shi a hanyar nan, sai zancensa ya yi maka daɗi. Abin da bai sani ba, famfon da ke zagaya da mai cikin giya ba ya aiki sai inji na aiki. In aka ja ta a kashe, tayoyin gaba a ƙasa, ƙarfe ne zai yi ta cin ƙarfe a bushe. Giyar da ta bar Mafara da zazzaɓi, kafin Maru sai dai a yi mata sutura. Aikin janwe ne, mai ɗaga gaba.

Ɗan Manuwal. Tsohon direba ne, tun zamanin da Peugeot ta fara haɗa 504 a Kaduna a 1975. Bai zo taimako ba, ya zo ne a shaida cewa ya daɗe yana faɗa. "Mota ba kuloci, ina motar take? Wagga ai keken ɗinki ce." Shawararsa guda ce, a cire giyar a sa manuwal. Ko ciwon kai ka kawo masa, maganin ke nan.

Kwance-Mu-Gani. Bakanike ne mai fara'a. Ba ya tambaya, ba ya sa na'ura, sifana kawai yake nema. Kafin ka dawo daga sallah ya baje hanjin motar a kan buhu, kaji na kiwo a tsakani. Bayan mako biyu ya mayar, noti huɗu sun yi saura. "Kar ka damu, ranka ya daɗe, Bature ne da almubazzaranci." Yanzu motar tana tafiya, amma da ribas kaɗai.

Dillalin Beljiyam. Kullum yana da ƙane a Kofar Ruwa ta Kano da suruki a Fanteka ta Kaduna. Giyabos ɗin da zai kawo maka, a cewarsa, daga motar da wata tsohuwa ke zuwa cefane da ita a Turai aka ciro shi. Garantinsa kwana bakwai ne, biyar daga ciki a hanya suke ƙarewa.

Malam Baki-Ne. Shi ko bonet bai kalla ba. Ya tambayi wa ya yaba motar a makon nan. Ka ce maƙwabcinka. Ya yi murmushi, ya ce to ai magana ta ƙare.

Mai Shiru. Sai ka sha wuya ake kwatanta maka shi, can bayan tasha, ƙarƙashin dogon yaro. Ya sa a tayar da inji ya yi ɗumi, ya zaro sandar awon man giya, ya goga a farar takarda, ya shinshina. In man ja ne garau, da sauran rai. In ya yi baƙi yana warin ƙauri, farantan ciki sun ƙone. In ya koma kamar koko, lagireto ya huje ta ciki, ruwa ya gauraya da mai. Naka baƙi ne wuluk. Ya ce zafi da lodi ke cin man nan a hankali, yau da gobe. Sannan ya ɗago kai ya yi tambaya guda: "Alhaji, yaushe rabonka da canza man giya?" Ka yi tsuru, ka ce, "Au, shi ma canza shi ake yi?" Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

Gwaggo. Ba ta taɓa sayen lita guda ta fetur ba, amma ba bikin da motar ta je babu ita a kujerar gaba, da ƙwaryar fura a cinya. Ita ta fi kowa jin ciwon rashin lafiyar motar, kullum sai ta aiko a gaishe ta. Ranar da ka karɓo motar daga gareji, ka sayar da bijimi ka biya, Mai Shiru ya ja kunnenka kan lodi har sau uku, sai ga Gwaggo a zaure.

"Ɗan nan, an ce motarmu ta samu lahiya?"

"Ta samu, Gwaggo, amma an ce mutum bakwai kawai."

"Awo, mu ma bakwai ne. Suna za mu Maradun jibi." Ta gyara mayafi. "Yara ai ba a ƙirga su. Sai injin markaɗe da za a aza a sama."