Waken da Ya Ƙarar Mana da Gas

Wani maƙwabcina mutumin Nsukka ne ya cika min tafin hannu da waken Masar. Ya ce a garinsu da doya ake dafa shi, kuma ko damina ta yi gardama ba ruwansa, don saiwarsa can ƙasa take nutsawa neman danshi. Ni da na ji an ce wake, sai na shuka a bayan gida, na zauna jiran kaka.

Kaka ta zo, jama'a suka rore wakensu, unguwa ta cika da ƙamshin ƙosai, nawa ko fure babu. Tsawo kawai yake yi, har ya leƙa katanga. Wani dattijo ya ƙare masa kallo, ya ce, "Malam, wake ka shuka ko dogon yaro?" Ashe ƙaramin itace ne da kan kai mita 3, ya shekara 3 zuwa 5 yana 'ya'ya, kuma irin gargajiya sai ya wuce wata 6 bai nuna ba. Awakin unguwa kaɗai suka san darajarsa da wuri.

Sai da hunturu ya kama ya yi fure ruwan ɗorawa, ya zuba 'ya'ya. Ranar da surukina ya zo daga ƙauye na ce a yi masa shinkafa da waken gonata.

"Baban Ummi, ba a jiƙa ba fa," in ji uwargida.

"Wake ai wake ne," na ce.

Tun hantsi tukunya ke tafasa. Azahar ta wuce, gas ya ƙare, aka ari gawayi. Shinkafa ta zama kunu, wake yana nan yadda Allah ya halicce shi. Surukina ya kai loma, muka ji ƙas! Kunya ta hana shi furzarwa, ni kuma ta hana ni ɗaga kai. Ya daɗe yana juya ta a baki, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya ce a hankali, "Allah ya yi albarka. Ko akwai fura?"

Mutanen Indiya, inda waken ya samo asali kuma aka fi noma shi, sai sun cire ɓawonsa sun raba ƙwayar biyu kafin su yi miya, shi ya sa nasu ke narkewa. Kai kuwa mai karatu, ka jiƙa tun dare, ka jefa 'yar kanwa, ka ɗora a murhu. Busassun rassansa ma itacen girki ne.