Ranar da Fuskata Ta Yi Yauƙi a Tibiri

Duk wanda ya ce maka hunturu ɗaya ne ko'ina bai taɓa kwana a Dogon Dutsi cikin watan Janairu ba. Iskar da ke sauko mana daga hamada ba ta sallama. Ta biyo ta Dogon Kiriya da Matankari, ta faɗo fadama, ta tsotse duk wani abu mai laima: wankin da aka shanya, leɓen yara, dugadugan masu noman dankali a bakin Tapkin Sao. Ni kuma malamin lissafi ne, bayan ƙurar Allah ina da ta alli. Kafin a tashi lakwal fuskata ta yi furu-furu, in na yi dariya sai gefen baki ya tsage.

Da farko abin bai dame ni ba, don namiji a Arewa ba a san shi da tsayawa gaban madubi ba. Bafillatanar da ke kawo fura da nono ƙofar lakwal ce ta sa ni gaba. Tsakaninmu Arawa da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma wannan baiwar Allah ba ta yafe ko dala daga cikin haƙƙinta. Tana hango ni za ta ɗaga murya: "Ba'are, yau ma cikin toka ka kwana?" Yara su kwashe da dariya, ni kuma in shiga aji in huce a kansu da tambayoyin rabawa.

Ana cikin haka ƙanwar matata ta dawo daga Kwatano, inda take saro atamfa da kayan shafe-shafe. Fuskarta sai sheƙi take yi. Ta jira yayarta ta shiga madafa, sannan ta zaro wata ƴar kwalba mai mililita 30, da ɗan tsinken gilashi na ɗigawa a cikin murfinta.

"Yaya, wagga huska taka ta gaji. Ga maganinta. Asid iyaluronik."

"Asid? Irin na batirin mota?"

"Haba Yaya, kai da kake mushe!"

Nan ta gama da ni. Malami yana iya jure yunwa da jinkirin albashi, amma ba ya jure a ce akwai abin da bai sani ba. Ta nuna mini inda aka rubuta cewa abin yana riƙe ruwa ninki 1000 na nauyinsa. Kuɗinsa jika 10, amma ni ta bar mini a jika 8, kuma wai ko haka faɗuwa ta yi, tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 kowane kwali sai ya biya kuɗin kwalekwale. Na ba ta jika 5, sauran sai ƙarshen wata, bisa sharaɗin kada yayarta ta ji.

Da dare na lulluɓa da bargo na buɗe salula, don in wanke kaina daga zargin jahilci. Ashe abin tsoho ne. A 1934 wasu masana biyu a Jami'ar Kolumbiya ta birnin New York, Karl Meyer da John Palmer, suka fara tsamo shi daga ruwan da ke cikin ƙwayar idon saniya. Daga baya aka gano jan zankon da ke kan zakara cike yake da shi, aka shekara da shekaru ana tatsar sa daga nan. Yanzu galibi wasu ƙwayoyin bakteriya ake kiwo cikin manyan tankuna, a ba su sukari, su kuma su fitar da shi, a tace. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne, mutum mai nauyin kilo 70 yana yawo da kimanin gram 15 na wannan abu a jikinsa, kusan rabi a fata, saura a gaɓoɓi da ido da sauran wurare, kuma kullum jiki na rushe kashi ɗaya cikin uku ya sake sabo. Kenan na ci bashi na sayi abin da Ubangiji ke ba ni kyauta safe da yamma. Na lallashi zuciyata da cewa nawa na ciki ya tsufa.

Ranar gwaji ta zo daidai da ɗaurin auren ɗan wani abokin aikina a Tibiri. Tibirin namu na Dosso nake nufi, ba na Gobir ba. Tun da aka yanke su daga Dutsi aka ba su nasu parfe a 2011, mutanen Tibiri ke kallonmu ido cikin ido, don haka ba garin da ɗan Dutsi zai shiga da fuskar toka ba ne. Na wanke fuska da sabulu, na goge ta tas da tawul, na kuma zauna bakin murhu har ta bushe ƙayau, don kada ruwan rijiya ya gurɓata maganin Turawa. Yarinyar ta ce ɗigo 3. Ni da na san lissafi na ga in 3 na da amfani, 12 ya ninka shi sau huɗu. Na shafe goshi, kumatu, wuya, har bayan kunne. Na saka farar shaddata, na hau babur.

Farkon tafiyar kam sai hamdala. Wani sanyi mai daɗi ya kama fuskata, ga ɗan danƙo-danƙo da na ɗauka alamar aiki ce. Ban yi nisa da gari ba na faɗa bayan wani kamiyon albasa mai bin gefen kwalta yana tayar da jar ƙasa, ya hana ni wucewa, ya hana ni numfashi. Duk ƙurar da a da takan taɓa fuskata ta wuce, yau ta samu masauki. Kafin in kai Kore Mairuwa na ji fatar goshina ta ɗaure tamau, girata ta ɗaga sama ta ƙi saukowa. Na tsaya sayen esansi, yaron ya zuba mini lita yana kallona, mai na zuba a ƙasa bai sani ba. Wata tsohuwa mai tallar ƙosai ta ce mini, "Sannu ɗana, Allah shi ba da lahiya." Na amsa da amin, don a lokacin bakina ba ya buɗuwa ya wuce haka.

A Tibiri gaisuwa ce ta tona ni. Ba ka iya gaida surukan abokinka fuska a murtuke, ni kuwa ina murmushi sai na ji ƙas-ƙas a kumatu. Na kai hannu in shafa, sai ga wasu jajayen murɗe-murɗe suna gangarowa kan farar shadda. Na shafa kuma, suka ƙaru. Na ce a raina bari in daure, azahar ta kusa, alwala za ta rufa mini asiri.

Na ɗauki buta na tsuguna a jerin masu alwala, kusa da wani dattijo mai zanen Arawa, layi biyu daga gefen baki har kunne. Ina watsa ruwa a fuska, abin da ya bushe tun safe ya farka. Ruwan da ya yi ta nema a hanya bai samu ba, ga shi an kawo masa har gida. Fuskata ta ɗauki yauƙi kamar miyar kuɓewa, hannuna na zamewa daga goshi zuwa haɓa ba birki, jan ruwa na ɗiga daga gemu. Na sake watsawa, yauƙi ya ƙaru. Dattijon ya dakata da wankin ƙafa, ya zuba mini ido.

"Yaro, mi ka shahwa ga huska?"

"Magani ne, Baba. Na bushewar fata."

"Da mi anka haɗa shi?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma malami ba ya jin tambaya ya bar ta ta wuce. Na gyara tsuguno na fara darasi, tun daga 1934 da idon saniya har zuwa zankon zakara. Kafin in kai ga tankuna, alwala ta tsaya cak a jerin gaba ɗaya.

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. "Idon saniya. Da jan zakara. Yaro, mu nan Arewa in munka ji an ce ma mutum shi kawo waɗanga, mun san gidan da ya tahi. Nawa ya amsa gare ka?"

"Jika 8, Baba. Amma ba boka ba ne, Amurka ce."

"To na Amurka ya hi namu tsada."

Wani daga baya ya jefo tambayar da ta fi: shin zakaran an yanka shi ko mushe ne? Aka kira na'ibin liman. Na yi sauri in kashe wutar, na ce ai yanzu an daina taɓa zakara, ƙwayoyin bakteriya ke yin sa. Wani ɗan koleji da ba wanda ya tambaye shi ya fassara wa jama'a: "Ƙwayoyin cuta yake nuhi." Mutanen da ke kusa da ni suka ja butocinsu. Na'ibi, mutum mai sanyin hali, ya ce shi ba ruwansa da Amurka, abin da ya sani shi ne ruwa ya taɓa fata, don haka in ci gaba da wanki har yauƙi ya ƙare. Aka yi ta miƙo mini buta bayan buta. Ina jin kabbarar harama daga inda nake tsugune.

Wurin cin abinci na haɗu da wani tsohon abokin karatuna, wanda yanzu majo ne a wata likita ta ƙauye. Sai da ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi, sannan ya karɓi kwalbar ya jujjuya. Ya ce kayan ba jabu ba ne, kuma abin ba wasa ba ne: da irinsa likitocin ido ke kare cikin ido lokacin aikin yanar ido, ana kuma yi wa masu ciwon gwiwa allurarsa. Amma na shafawa, in ji shi, ba ruwa ba ne, majanyin ruwa ne. Ƙwayoyinsa manya ne, yawancinsu a saman fata suke tsayawa, su kama duk laimar da ke kusa. A Kwatano, bakin teku, laimar iska na kai kashi 80 cikin 100, ko'ina ya juya ruwa ne. Nan kuwa da tsakar ranar hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. In bai samu a iska ba, kuma ka shafa shi a busasshiyar fuska, sai ya jawo na cikin fatarka ya fito da shi sama, iska ta kwashe.

"Wato ni ya sha?"

"Kai ya sha, Mushe. Ana shafa shi fuska da danshi, ɗigo biyu ko uku, sannan a rufe da mai. Mai shi ne murfin."

"Wane mai?"

"Basilin. Ko man kaɗe."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har ya ƙara da cewa basilin ɗin nan da muke rainawa, wanda wani Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka tun 1872, yana tare kusan duk ruwan da ke tsiyayewa daga fata, kuma masu ilimin fata har yau da shi suke auna sauran. Ni dai a ganina laifin na iskar Arewa ne, da kuma masu kamfanin da suka zauna cikin sanyin ofis suka rubuta ninki 1000 ba su tambayi kowa inda za a samo ruwan ba.

Labari ya riga ni isa gida, don a Arewa ɗaurin aure ya fi rediyo. Ƙanwar matata kuma ta zaɓi wannan maraicen ta zo karɓar cikon jika 3, a gaban yayarta, a gaban Inna. Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi shaddar, ta dubi kwalbar, ta ce, "Malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Inna kuwa ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da curin man kaɗe na dala ashirin, irin wanda ake kawowa daga wajen Gaya, ta ajiye mini a gwiwa. "Kai wanga, da wanga na rene ka. Ban taɓa ganin ka yi yauƙi ba."

Daren nan na ɗauki alli na yi lissafin da ya dace da sana'ata. An rubuta kashi 2 cikin 100 a jikin kwalbar. Kashi 2 na mililita 30 bai kai gram ɗaya ba, gram 0,6 ne. Ko an yarda da ninki 1000 ɗin nan nasu ba gardama, ruwan da kwalbar gaba ɗaya za ta riƙe gram 600 ne. Ledar piya wata ta dala biyar rabin lita ce. Jika 8 na biya a kan leda ɗaya da kurɓi biyu, kuma ruwan ma ni zan kawo.

Duk da haka ban jefar da ita ba, bashi na kanta. Na bi tsarin majo: in wanke fuska, in bar ta da danshi, ɗigo 3, sannan man Inna a sama. Gaskiya fuska ta yi laushi, tsagar gefen baki ta warke. Sai uwargida ta ce ita ma za ta yi nata gwajin: danshi da man kaɗe kawai, ba kwalba. Tata ma ta yi laushi. Ni na tabbata tawa ta fi da ɗan kaɗan, amma duk wanda na kira shaida a gidan, daga Inna har autanmu, bayan uwargida yake bi, kasancewar ita ke riƙe da ludayi. Bafillatana kuwa ta daina zancen toka. Yanzu tana hango ni sai ta ce, "Ba'are, an yanka zakaran?"

Mai karatu, in har ka ga ƴar kwalbar nan ta shiga ranka, ka jiƙa fuska kafin ka ɗiga, ka rufe da mai, kada kuma ka bi bayan kamiyon albasa. In kuwa kana son ka gwada ba tare da ka ci bashi ba, rabin tawa na nan. Ka same ni kasuwar Dutsi ranar Juma'a, jika 3 ba ragi, man kaɗe ka zo da naka.