Sarkin da ya taɓa fita

Masu dara a gindin bishiya a Baure ba sa tambayar tarihin tsinke. Inda ka gan shi, nan yake. Darar Turawa kuwa, wato ces, riƙo gare ta.

Akwai wani motsi da sarki ke matsawa gida biyu ya laɓe bayan hasumiyarsa. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne kada sarki ko hasumiyar su taɓa gusawa tun farkon wasa. To, ka jera 'ya'ya a manhaja irin Lichess, kowa a mazauninsa, allo ba zai nuna wanda ya fita yawo ya dawo ba. Sai manhaja ta ajiye maka akwatunan da za ka cike, kamar alƙali mai neman shaida. A rubutun FEN, wanda ake adana jerin 'ya'yan allo da shi, haruffa huɗu ke riƙe da wannan shaida: KQkq. In aka goge su, sarki ya rasa mafaka, ko da yana zaune daram.

Allah ya so kwamfuta ba ta yi wa Daura shari'a ba. A 1805 Malam Ishaku ya ci garin, gidan sarautar Haɓe ya fice, aka kafa Daura ta Zango da Daura ta Baure. Kusan shekara ɗari bayan nan Turawa suka maido da gidan Haɓe, suka ɗora Malam Musa kan gado. Da manhaja ce, da ta ce: Allah ya ja zamaninka, zauna, amma an rubuta ka taɓa fita.

Mutanen Baure, ku riƙe dararku, ta fi yafiya.