Na ɗaga gado, na kasa ɗaga hannu daga tsire

Duk ranar da mutanen Shadawanka ke neman mai yi musu lacca a kan ƙwannafi, su zo su ɗauke ni kyauta. Na san shi ciki da bai. Akwai zoben tsoka a inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi, aikinsa ya bar loma ta wuce sannan ya rufe. Idan ya saki, ruwan tsamin da ke narka abinci sai ya yo sama, ya ƙona ƙirji, ya bar ɗaci a baki, wani lokaci har da tarin dare da dushewar murya da safe. In abin ya kai sau biyu a mako ko fiye, ya zama ciwon da ke buƙatar likita. Ilimi kam ina da shi. Baki ne ba ya jin magana.

Duk dokar da ba ta shafi kwano ba, na bi ta sau da ƙafa. An ce a ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20, na kira kafinta ya sa katako. An ce a kwanta ta gefen hagu, na koma. An ce a sassauta tazuge, na sassauta har ya so ya ba ni kunya a masallaci. Na rabu da ibuprofen da diclofenac saboda suna tsokanar ciki. Omeprazole da likita ya rubuta kuwa, minti 30 kafin karin kumallo nake haɗiye shi, ko sojan barikinmu bai fi ni kiyaye lokaci ba.

Sai aka zo kan ta ƙarshe: a rage maiƙo da yaji da goro da shayi mai kauri, a daina cika ciki, a bar awa 3 tsakanin cin dare da kwanciya. A nan malamin ya rushe. Da safe masar Bauchi ce tana ninƙaya a mai. Bayan isha'i kuma ƙafata da kanta ta san hanyar kasuwar mami. Mai tsire na hango ni zai ce, "Yallaɓai, a sa da kitse?" Ban taɓa ce masa i ba. Shiru nake yi, shi kuma ya iya fassara.

Tsakar dare in wuta ta taso, sai in fara rabon laifi: ruwan rijiya, zafin gari, miyar uwargida. Ita kuwa ta miƙo ruwa ta ce, "Malam, miyata ce ke zuwa a ƙunshe cikin takarda?" Har jiƙon kanwa na gwada, ƙwannafin ya lafa na ɗan lokaci ya dawo da ƙarfinsa.

Likita ya ja mini kunne cewa ranar da haɗiya ta fara wuya, ko na ga rama ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, kada in tsaya jiƙe-jiƙe. Ciwon ƙirji mai zuwa da gumi da haki kuma yana iya zama na zuciya, asibiti ake nufa nan take. Wannan ya shige ni.

Da likita ya ga ba zan tuba gaba ɗaya ba, muka yi ciniki: tsinke biyu, ba kitse, ba yaji. Alkawarin tsinke biyu ina cika shi. Likita dai bai faɗi sau nawa a dare ba.