Jakin Makwabci Ya Fi Ango Fitowa

Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko mini da kyamarar Canon mai dogon baki, irin wadda ake murɗawa ta jawo abu, daga milimita 70 har 300. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana da sunana a Tamaske, sai "mai hoto". Ni ma na amsa, har tafiyata ta sauya.

Da ɗaurin auren ɗan kawuna ya matso, Kawu ya ce, "Ɗana, ga ka a gida, ba sai mun kira ɗan Tawa ya cinye mana jika goma ba."

A gefen bakin kyamarar akwai ƴan maɓallai biyu. Ɗaya na hana rawar hannu ne. Ɗayan an rubuta masa AF da MF: a AF ita ke saita idonta da kanta, a MF kuwa sai ka murɗa da hannu. Kafin liman ya iso na gwada ta a kan tudun bayan gari, wajen jerin duwatsun tare ruwa na aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya. Hoto ya fito raɗau. Sai na naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa cikin isa, ashe rigar ta shafi maɓalli ta tura shi MF.

Ɗan ƙugin da takan yi in tana saiti ya ɗauke, na zaci muryar maroƙi ce ta danne shi. Na durƙusa, na hau turmi, har liman na ce wa, "Allah gafarta Malam, a ɗan ɗaga kai." Rana ta haske ɗan allon bayan kyamarar, ba na ganin komai, amma ina ta gyaɗa kai.

Bayan isha'i aka taru gaban kwamfuta. Ango hazo, liman hazo, faifan goro kamar an tsoma shi a kunu. Idon kyamara na nan can nesa inda na bar shi. Jakin makwabci kuwa, da ke ɗaure gindin gawo kusa da buhunan albasa, har ƙudan kunnensa ana ƙirgawa.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "To ɗana, wa aka ɗaura wa auren?"

Yanzu na liƙe maɓallan biyu da salatif. Mai jakin ya zo da dala ɗari ya karɓi hotonsa, kuma a bikin nan kaf shi kaɗai ya biya ni.